Katin memori na harin ofisoshin jakadanci: ya ci kuɗinsa, amma ina da ja da Malam

A layin masu turi da ke gefen Babbar Kasuwar Maradi akwai shago ɗaya da ya fito da abin da sauran ba su da shi. Ban da fina-finan Indiya masu fassara da wa'azi da waƙoƙin biki, suna tura wani karatun tarihi, murya zalla babu hoto, kashi 12, a kan hare-haren da aka kai wa ofisoshin jakadanci a duniya da irin martanin da shugabannin ƙasashen suka mayar. Wani dattijo ne ke bayanin. Yaran shagon sun ce tsohon malamin lakkwal ne da ya ajiye aiki, kuma ko'ina a katin bai faɗi sunansa ba, don haka Malam zan riƙa ce masa. In ka zo da katinka, turi sefa 500 ne. In nasu za ka saya mai giga 8, sefa 2,500 har da turin. Ni tela ne a unguwar Zariya, hannu da ido suna kan aiki, kunne ne kawai ke zaman banza, shi ya sa irin wannan kaya ya fi mini fim amfani.

Kuɗina bai tafi a banza ba, wannan na faɗe shi tun da wuri. Sai dai akwai gyara a aikin shagon, akwai kuma wurin da ni da Malam muka raba hanya.

Sautin sai a hankali. Da salula aka ɗauka, kuma a cikin gida, don a kashi na 2 za ka ji wani yaro ya shigo yana cewa an ce a ba da kuɗin cefane, Malam ya ce masa "je ka, ina tafe," ya ci gaba da labarin Tehran kamar ba a yi komai ba. Wannan bai dame ni ba, har daɗi ya yi mini. Abin da ya dame ni shi ne ƙarin gishirin yaran shagon. Duk inda dattijon ya ce bam ya tashi, sai su saka ƙarar bam irin ta fim, da jiniya, wani lokacin har da kukan mata da ba a san inda suka samo shi ba. Mutum na ba da labarin mutuwar bayin Allah a natse, su kuma sun mai da shi wasan yara. Ga tallar shagonsu da ke faɗowa a tsakiyar magana, da ƙarar da ta ninka ta Malam. In keke na gudu ka ɗaga murya don ka ji bayani, sai talla ta zo ta razana mai jiran ɗinki.

Sai maganar jeri. A ƙaramar rediyo mai cin kati, daga kashi na 1 sai ta tsallaka na 10, na 11, na 12, sannan ta dawo na 2. Na koma da katin. Yaron da ke kan kwamfuta bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baba, ai ba katin ba ne, rediyonka ce." Na ce, "To ɗana, duk Maradi irin wannan rediyon ce a hannun mutane, ko don masu kwamfuta kuka yi shi?" Ya yi dariya, ya jawo mini benci, ya sa sifili a gaban lambobin farko, ya sake turawa, bai karɓi ko dala ba. Har ruwan leda ya aika aka sayo mini. A nan kam ba ni da ta cewa, yaran suna da ladabi, kunnen ƙashi ne kawai da su a kan maganar ƙarar bam, don na roƙa a cire mini ya ce haka samari suka fi so.

Kashi na 1 shi ne harsashin ginin, kuma Malam ya aza shi da kyau. Ya yi bayanin yarjejeniyar Viyana ta 1961 da Hausar da ko almajirina ƙarami ya gane: ƙasar da ta karɓi jakada ba ta da ikon shiga ofishinsa sai da izininsa, kuma wajibi ne a kanta ta tsare ƙofarsa daga duk mai son ɓarna, ko da ƴan ƙasarta ne. Ko an yanke hulɗa, ko yaƙi ake yi, ginin na nan a matsayin amana a hannunta. A ɗaya ɓangaren kuma tana da ikon ce wa jakada ya tattara ya tafi ba tare da ta faɗi dalili ba. Daga nan ya koma can baya, ya kawo ƴan aiken Musailama da suka zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da maganar ƙarya a bakinsu, amma aka bar su suka koma lafiya saboda ba a kashe ɗan aike. Ya kawo yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, wanda sanadinsa kashe Harisu ɗan Umairu ne a hanyarsa ta kai wasiƙa. Ni ba malami ba ne, amma na so a ce ya haɗa da Hudaibiyya, inda aka yi ta raɗe-raɗin an kashe Sayyidina Usmanu a Makka, Sahabbai suka yi mubaya'a a ƙarƙashin bishiya, daga baya ya dawo da ransa aka ƙare da sulhu. Rashin wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, don daga nan ne karkatar Malam ta soma.

Malam yana da karin magana guda da yake rufe kusan kowane kashi da shi: ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ma'auninsa na shugaba shi ne saurin rama duka da nauyin dukan. Wanda ya harba makami a cikin mako jarumi ne, wanda ya tsaya magana rago ne. Abin mamaki, labaran da shi kansa ya bayar da bakinsa ba su goyi bayansa ba.

Ɗauki Tehran, wadda ya ba kashi biyu cur, kuma su ne mafi daɗi a katin. Ranar 4 ga Nuwamba 1979 ɗalibai suka haura katangar ofishin jakadancin Amurka, bayan da Amurka ta bar tsohon Sarkin Iran ya shiga ƙasarta neman magani. An saki mata da baƙaƙen fata 13 tun a watan farko, an saki wani mara lafiya daga baya, mutum 52 suka rage har kwana 444. Gwamnatin Ayatullahi Khomeini ta sa wa abin albarka, don haka ba za a ce aikin ƴan zanga-zanga ne kawai ba, kuma kotun duniya da ke Heg ta yanke a watan Mayu 1980 cewa Iran ta saɓa doka. Shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ya daina sayen man Iran, ya riƙe dukiyarta ta biliyoyin dala da ke bankunan Amurka, ya yanke hulɗa a watan Afrilu 1980. A wannan watan ne kuma, ranar 24, ya gwada ƙarfi: jirage masu saukar ungulu 8 suka nufi hamadar Iran da dare, guguwar ƙura ta tare su, wasu suka lalace, aka fasa aikin, wajen juyawa ɗaya ya yi karo da jirgin dakon mai, sojoji 8 suka mutu. Sakataren harkokin wajensa Cyrus Vance, wanda tun farko bai yarda da shirin ba, ya ajiye aiki. A ƙarshe maƙwabciyarmu Aljeriya ce ta shiga tsakani, aka sa hannu a birnin Aljas, aka sako mutanen ranar 20 ga Janairu 1981, ƴan mintoci bayan Ronald Reagan ya sha rantsuwa.

Malam ya ba da wannan labari tiryan-tiryan, sannan ya ce Carter ya zubar da girman ƙasarsa. Ni kuma lissafi nake yi. Mutum 52 ɗin nan duk sun koma gida da ƙafafunsu. Amurkawan da suka rasa rai a wannan rikici su ne sojojin nan 8, kuma sun mutu ne a dare ɗaya tak da aka gwada abin da Malam ke so. Carter ya rasa kujerarsa a zaɓen Nuwamba 1980, gaskiya ne, amma asarar tasa ce, iyalan mutum 52 ba su yi zaman makoki ba. Kuma ba zaman haƙuri kawai ya yi ba, dukiyar da ya riƙe ita ce ta zama abin ciniki a teburin Aljas.

A kan wannan muka yi gardama da babban almajirina, yaro mai zafin jini wanda Malam ya gama saye zuciyarsa. Ya tsayar da keke ya ce, "Maigida, wanda ya mari ɗan aikenka kai ya mara. In ka yi shiru gobe gida za a biyo ka." Na ce masa, "Ban ƙi ba. To in ɗan aiken yana ɗaure a ɗakinsu, wuƙa a wuyansa, me za ka fara yi?" Ya ce a far musu. Na ce, "In ƙanenka ne fa?" Ya jima yana kallon allura, ya ce ai wannan daban. Maƙwabcinmu Alhaji mai shadda, da ke zaune a bakin ƙofa, ya ce kowane ɗan aike ƙanen wani ne, a bar yaro ya gama wuyan rigarsa. Har yau yaron bai sauka daga ra'ayinsa ba, ni ma ban matsa masa ba, don akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa: in babu farashin da mai ɓarna zai biya, zai sake. Inda muka bambanta shi ne wa zai biya, kuma yaushe.

Wannan tambaya ta wa zai biya ita ce ta fito fili a kashi na 5. Ranar 7 ga Agusta 1998 motoci masu bam suka tashi kusan lokaci ɗaya a ofisoshin Amurka na Nairobi da Darussalam. Mutum 224 suka mutu, Amurkawa 12 ne a ciki, sauran yawancinsu ƴan Kenya ne: fasinjojin bas, masu wucewa, da mutanen da ke cikin ginin Ufundi na kusa, wanda ya rushe da ɗaliban koyon aikin sakatare a ciki. Dubbai suka ji rauni, da yawa gilashi ya tsiyaye musu ido. A nan Malam ya yi abin da ya sa na ƙara ganin girmansa, ya tsaya a kan waɗannan talakawa ya ƙi wucewa da sauri, har muryarsa ta canza. Ya kuma kawo abin da ban taɓa ji ba, cewa jakadiyar Amurka a Kenya, Prudence Bushnell, ta sha rubuta wa manyanta cewa ginin yana bakin titi a tsakiyar gari, a sauya masa wuri, ba a saurare ta ba. Bayan an yi asarar ne aka maida ofishin unguwar Gigiri, nesa da cunkoso. Shugaban da ke son kare jakadunsa, aikinsa na farko yana kan irin wannan wasiƙa da ke jira a teburi tun ba a kai harin ba.

Kwana 13 bayan harin Bill Clinton ya harba makamai masu linzami kan sansanonin Alƙa'ida a Afganistan da kuma masana'antar magani ta Al-Shifa a Khartum, bisa zargin ana haɗa sinadarin makami mai guba a ciki. Malam ya yaba, ya ce ga namiji. Amma shugaban Alƙa'ida Usama bin Laden bai ji ko ƙwarzane ba, bayan shekara 3 ya yi abin da ya fi wannan muni. Masana'antar kuwa magungunan mutane da na dabbobi take yi wa Sudan, har da na zazzaɓin cizon sauro, kuma a 1999 Amurka ta sakar wa mai ita, Salah Idris, kuɗinsa da ta riƙe. An bar jaki an daki taiki. Abin da ya kama masu laifin na gaskiya aiki ne mai sanyi wanda ba ya tashin ƙura: ƴan sandan Kenya da masu bincike na Amurka suka bi sawu, aka kai mutum 4 kotu a New York, aka yanke musu ɗaurin rai da rai a 2001. Ita ma Sudan, da ta taɓa ba Bin Laden masauki, a ƙarshe ta hanyar kotu da ciniki aka kama ta, ta amince da biyan diyyar dala miliyan 335 a 2020. Malam ya faɗi duk wannan a cikin jimla uku, kamar wanda ke sauri ya wuce gidan da ake binsa bashi.

Kashi na Bagadaza shi ne ya fi so, ka ji yadda muryarsa ke tashi. A ƙarshen Disamba 2019 roka ta kashe wani Ba'amurke ɗan kwangila kusa da Kirkuk, Amurka ta kai hari ta kashe mayaƙa 25 masu alaƙa da Iran, ranar 31 ga wata magoya bayansu suka far wa ofishin jakadancin Amurka suka ƙone ɗakunan bakin ƙofa. Ba a kashe kowa a ofishin ba. Ranar 3 ga Janairu 2020 Donald Trump ya sa aka kashe Janar Ƙasim Sulaimani na Iran kusa da filin jirgin Bagadaza. A nan Malam ya sa aya, ya kawo karin maganarsa. Bai kai mu 8 ga Janairu ba, ranar da Iran ta yi ruwan makamai kan sansanin Ainul Asad, sojojin Amurka fiye da 100 suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, kuma da asubar ranar, cikin ɗar-ɗar na jiran ramuwa, dakarun Iran suka harbo jirgin fasinjan Yukren da ya tashi daga Tehran. Mutum 176 suka mutu, yawancinsu ƴan Iran ne da ƴan asalin Iran, da ɗalibai masu komawa karatu Kanada. Mai ba da tarihi yana da ikon ra'ayinsa, amma yanke labari a inda ya yi maka daɗi ba adalci ba ne ga mai sauraro. Wannan ne babban laifin katin a wurina.

Bangazi ya yi ta daidai gwargwado. Ya faɗi mutuwar jakadan Amurka a Libiya Christopher Stevens da mutum 3 a ranar 11 ga Satumba 2012, ya faɗi yadda Mitt Romney, mai neman kujerar Barack Obama, ya fito da suka tun a daren, kafin a san iyakar abin da ya faru. Ya kuma faɗi yadda mutanen Bangazi da kansu suka fito bayan kwana 10 suka kori mayaƙan Ansarus Shari'a daga sansaninsu. Da an yi wa garin ruwan bam a makon farko, waɗannan mutane da gawa za su ɗauka, ba za su yi wannan tattaki ba. Ahmed Abu Khattala kuwa sai a 2014 aka ɗauke shi aka kai shi kotu a Washington.

Akwai kashi ɗaya da aka cusa labarai da yawa a ciki kamar ragowar yadi, alhali a nan darasin yake. A watan Mayu 1999 jirgin Amurka ya jefa bam a ofishin jakadancin Sin da ke Belgrad, ƴan jarida 3 suka mutu. Shugaban Sin na lokacin, Jiang Zemin, bai harba ko harsashi ba. Ya ƙi ɗaukar wayar Clinton na wasu kwanaki, ya sa aka nemi gafara a bainar jama'a, Amurka ta biya iyalai dala miliyan 4.5, ta biya miliyan 28 kuɗin gini, ita ma Sin ta biya ɓarnar da masu zanga-zangarta suka yi wa ofisoshin Amurka. A Afrilu 2024 ƴan sandan Ekwado suka kutsa ofishin Meziko a Kito suka fito da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Jorge Glas. Meziko ta yanke hulɗa a daren, ta kwashe mutanenta, ta tafi kotun Heg. Ga kuma na kusa da mu: a watan Yuni 2020 wasu suka zo da katafila da dare suka rushe wani gini a harabar gidan jakadan Najeriya a Akra. An yi ta kumfar baki a Facebook, amma shugaban Gana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya kira Muhammadu Buhari ya ba shi haƙuri, Gana ta ɗauki alkawarin sake ginawa, magana ta mutu. Malam ya ba wannan minti biyu. A ganina shi ya kamata a koya wa yara, don ya nuna abin da ake fara dubawa: shin gwamnatin masaukin ce ta yi, ko ta sa aka yi, ko kuwa ita ma kunya ta ji? Tehran da Akra ba magani ɗaya suke sha ba.

Da ya zo kan Yamai sai Malam ya koma tafiyar hawainiya, kuma ban ga laifinsa ba. Ranaku kawai ya jera. Juyin mulki 26 ga Yuli 2023. Ranar 30 ga wata taron jama'a a ƙofar ofishin Faransa, aka cire allon suna, aka sa wa wata ƙofa wuta, aka watsa mutane da barkonon tsohuwa. Fadar Emmanuel Macron ta yi barazanar martani nan take. A farkon Agusta jiragen Faransa suka kwashe mutum fiye da 1,000. Ranar 25 ga Agusta aka ba jakada Sylvain Itté sa'o'i 48 ya fita, Macron ya ce bai san da gwamnatin da ta ba da umarnin ba, jakadan ya zauna a kulle har 27 ga Satumba. Sojojin Faransa suka gama fita a Disamba, aka rufe ofishin a farkon Janairu 2024. Bai ce uffan a kai ba, ko karin maganar tasa bai kawo ba.

Tun da shi ya yi shiru, bari ni in faɗi nawa. Kwashe mutane da wuri daidai ne, rashin cika barazanar nan ma alheri ne ga kowa. Amma barin jakada wata guda a gidan da aka ce ya fita, har shugabansa na faɗa wa duniya cewa abincin gwangwanin soja yake ci, wannan mai da ɗan aike abin nuna isa ne, kuma a ƙarshe fitar da aka ƙi ita aka yi. Mu ma a namu ɓangaren, ko me muke ji game da Faransa, ƙofar ofishin jakada ba wurin sa wuta ba ce. Muna da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano, muna da shi a Jidda, ƴan Maradi nawa ne ke neman abinci a Libiya da Aljeriya da Abijan? Dokar da ta tsare ƙofar wanda ba ma so ita ce ke tsare tamu.

Akwai kuma abin da duk ɗan garin nan ya sani a jikinsa. A ranar 30 ga Yulin nan dai CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Abuja ta sa wa Nijar takunkumi. Ba don ofishin jakada aka yi shi ba, amma ya nuna inda hukuncin manya ke sauka. Aka rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, wutar da ke zuwa daga Katsina ta ɗauke, shinkafa da magani suka yi tsada, manyan motoci suka yi layi har kaya suka lalace, ba a buɗe iyaka ba sai Maris 2024. Waɗanda aka nufa da hukuncin ba su kwana da yunwa ba. Haka na ji da Malam ya zo kan Saudiyya da Iran: a Janairu 2016, bayan Saudiyya ta zartar wa malamin Shi'a Shaikh Nimr al-Nimr hukuncin kisa, aka ƙone ofishin Saudiyya a Tehran, washegari Saudiyya ta yanke hulɗa. Yanke hulɗa ya fi yaƙi sau dubu, amma a shekarar ƴan Iran ba su yi aikin Hajji ba, tsohon da ya yi shekaru yana tari bai jefi kowa da dutse ba. Sai a Maris 2023 aka shirya a birnin Beijing. Ko hukunci mai sanyi ne, sai shugaba ya duba kan wa zai faɗo.

Abin da babu a katin gaba ɗaya, kuma ya ba ni mamaki, shi ne Gao ta ƙasar Mali. Ga shi nan a bayan Ayoru, amma an tsallake shi an tafi Kito. A Afrilu 2012 mayaƙan ƙungiyar MUJAO mai iƙirarin jihadi suka ɗauke ƙaramin jakadan Aljeriya da ma'aikatansa 6. Shugaban Aljeriya na lokacin, Abdul'aziz Bouteflika, yana da sojoji da jirage, bai tura su ba, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. An sako 3 a watan Yuli, an sanar da kashe Tahar Touati a Satumba, shi ƙaramin jakadan Boualem Saïes ciwo ya kashe shi a hannunsu, na ƙarshe 2 sai a Agusta 2014 suka dawo. Wannan labari bai yi wa ra'ayina daɗi ba, don lallami bai ceci kowa da kowa ba, mutum 2 ba su koma gida ba. Shi ya sa ma na so in ji Malam a kansa, a nan ne zai fi samun abin kama ni da shi. Na tambayi yaron shagon, ya ce wai dattijon yana ɗaukar zubi na biyu. Na ce ya isar masa da gaisuwata, ya ce masa wani tela na roƙon Gao, da kuma ƙarshen labarin Bagadaza.

Wanda ke aikin zaune, tela ko mai shago ko direban doguwar hanya, zai more shi. Ɗan lakkwal ma zai ƙaru, don ranaku da sunayen da Malam ke kawowa sun yi daidai da abin da muka ji a rediyo lokacin da abubuwan ke faruwa, in dai akwai babba kusa da zai gaya masa inda aka yanke labari. Kada a kunna shi gaban ƙananan yara saboda ƙarar bam da kukan nan. In za ka saya, ka fi samun sauƙi ka je da katinka, don nasu mai giga 8 ba ya ɗaukar abin da aka rubuta a jikinsa, kana ƙara masa kaya zai fara cewa ya cika. Ka ce a sa maka sifili a lambobin, kuma kafin ka miƙa kuɗi a kunna maka kashi na 9 har ƙarshe, don a wasu katunan yana yankewa a tsakiyar maganar Akra.